Lis ɗin na ƙaninka ne, kuɗin ne naka

Wani bawan Allah daga Gombe ya turo min saƙo, yana da shagon kayan waya, su caja da iyafis da gilashin sikirin, shekararsa shida a harkar. Ga abin da ya ce, na ɗan rage tsawon:

"Malam barka da ƙoƙari. Ina da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, ya gama difloma yana zaune ba aiki, amma ya iya kwamfuta sosai. Shi ya kawo shawarar mu haɗa kwamfutar gem 'yar ƙarama wadda za ta shiga jakar goyo, a ajiye ta a Tudun Wada kusa da jami'a yara su riƙa buga ƙwallo naira 200 duk wasa, ƙarshen sati a ɗauke ta a kai Kumo ko Kashere a haɗa gasa, da dare kuma ya riƙa ɗora bidiyo a YouTube ana biyanmu da dala. Ya rubuto lis ya kama miliyan 1.8, daga jarin shago zan cire. Tambayata ita ce in sayo kayan a Legas ko in yi oda daga Chaina, wanne ya fi sauƙi?"

Toh ɗan'uwa, ajiye zancen Legas da Chaina tukuna, ba mu zo nan ba. Na buɗe hoton lis ɗin da ka haɗo min, na karanta shi sau biyu, kuma wallahi tun a layi na uku na gane wanda ya rubuta shi ba ciniki yake lissafawa ba, abin da ya daɗe yana kwana yana tashi da shi a rai ne ya samu mai biya. Kuskurenka ɗaya ne, ka bar wanda zai zauna ya buga gem ɗin shi ne ya tsara maka me za a saya, nawa za a kashe, kuma shi ne gobe zai gaya maka nawa aka samu. Kai aikinka kawai ka turo kuɗi. Ba na ce yaron ɓarawo ba ne, ni ban san shi ba, ƙila ma ya fi ni gaskiya, amma mai son abu ba ya iya yi maka lissafinsa ko da waliyyi ne.

Bari in nuna maka a cikin lis ɗin da kansa. Ya sa madabod, wato allon da sauran kayan cikin kwamfuta ke hawa a kai, irin Mini-ITX, wannan faɗinsa santimita 17 ne ta kowane ɓangare, gurbin RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) biyu kacal gare shi, kuma duk da ƙanƙantarsa ya fi na gama-gari tsada, saboda matse kaya a ƙaramin fili aiki ne kuma masu sayensa ba yawa. Tunda madabod ƙarami ne akwatin ma ƙarami ya zaɓa, tunda akwatin ƙarami ne fawa-fak, mai raba wa kayan ciki wuta, na yau da kullum ba zai shiga ba sai ƙaramin da ake kira SFX, shi ma da ƙarin kuɗinsa, sannan fankar da za ta sanyaya furosesa dole gajeriya, katin hoton ma, wanda ke fitar da hoton gem a talabijin, sai an auna tsawonsa da kaurinsa da rula kafin a biya in ba haka ba ya iso Gombe murfi ya ƙi rufuwa. Ka ga abu ɗaya ya ja abu huɗu, kowanne kana biyan kuɗin ƙanƙanta. Yanzu ka gaya min, yaron da zai miƙo naira 200 ya buga Madrid da Barcelona, ya taɓa tambayar girman akwatin da ke ƙarƙashin tebur? Shi fad ɗin buga gem da analog ɗinsa bai lalace ba yake so da talabijin mai haske, shikenan.

Sai katin hoto na RTX 4070 da RAM giga 32 da fankoki masu fitila ja da shuɗi. Ƙwallo a talabijin na 1080 ba ta buƙatar wannan ko kusa, RX 6600 ko RTX 3060 za su ja ta lafiya lau. Wancan katin na manyan gem ne da mutum ɗaya ke bugawa shi kaɗai da dare da abin kunne a kansa, wa kake jin zai buga su? Kuma shi kaɗai yana jan wajen wat 200 in yana aiki, a cusa shi cikin akwati kamar gwangwanin man gyaɗa, a watan Maris ko Afrilu da zafin Gombe ke kai digiri 40, cikin shago mai rufin kwano. In hunturu ya zo kuma ƙura ta toshe 'yan hujojin iskar cikin sati biyu. Turawan da ƙaninka ke kallo suna haɗa irin wannan a YouTube, a ɗaki mai sanyi suke, wutarsu ba ta ƙiftawa, in abu ya ƙone jibi an kawo musu wani har ƙofa. Kai ranar da fawa-fak ɗin SFX ya tashi aiki, na yau da kullum za ka iya samu a gari ko a sako maka a mota daga Kano, wannan kuwa sai ka yi ta kiran kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas kana jira, shago a rufe.

Zancen jakar goyo ma dariya ya ba ni. Kwamfutar ta shiga jaka, toh talabijin ɗin fa? Sitabilaiza fa, da UPS, da janareta, da jarkar mai, da bencin zama? Kayan Keke Napep guda ne. Kuma katin hoto abu ne mai nauyi da ke maƙale a siririn gurbi, ka yi ta jijjiga shi a hanyar Kashere duk Asabar ka ga ko zai shekara.

Akwai wani mutumina a Bauchi, mai sayar da atamfa ne a kasuwar Wunti, shekarun baya ya buɗe wa ɗan yayarsa shagon gem a Yelwa saboda ɗalibai, shi ma yaron ne ya rubuta komai shi ya sayo shi ke zama. Duk dare sai ya kawo masa dubu ɗaya da ɗari biyar, wataran dubu biyu, a ce yau ba kasuwa, alhali kullum ana karɓar kuɗin mai. Da ya kawo min kuka na ce mu je da sassafe ba sanarwa. Bayan asuba muka isa, na ɗora hannu a kan na'urar na ji ta da zafi kamar an sauke tukunya, ga ledojin fiya wata da ɓawon gyaɗa a ƙasa, ga katifa an jingine a bango, robar analog ɗin fad duk ta cinye har ƙarfe ya fito, fad ɗin da aka saya wata uku da suka wuce. Wato aiki kam na'ura tana yi ba dare ba rana, abokai ne ke bugawa kyauta da man kawu. Na ce ina littafi, yaron ya kalle ni kamar na yi masa Faransanci. Bai saci ko sisi ba, kunyar abokai yake ji, kawun kuma kunyar yayarsa yake ji. Da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo ya ci wata takwas, ɗan abin da ke shigowa ma ya tsaya, aka sayar da kayan ƙasa da rabin kuɗinsu, har yau in an haɗu a gidan biki gaisuwar sama-sama ce.

Mu yi lissafin da ƙaninka bai yi ba, da farashin da kai ka faɗa. Wasa ɗaya da zaɓen kulob da jera 'yan wasa da gardamar ƙarshe zai ci minti goma sha biyu, ka ce wasa biyar a awa, naira dubu ɗaya kenan. In ka samu awa shida cike da mutane kullum, kuma na yi maka kara sosai, dubu shida. Cire mai, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san janareta ya zama abokin gaba, cire haya, cire data, cire fad da za a riƙa canzawa, cire na abincin mai zama. In dubu uku ta rage ka gode Allah. Miliyan 1.8 a raba da dubu uku, kwana 600 kenan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba hutun makaranta ba azumi ba lalacewa. Kai da kanka ka san sau nawa wannan kuɗin zai juya a caja da iyafis cikin kwana 600, ba sai na gaya maka ba. Na'ura ɗaya kuma wasa ɗaya take ɗauka a lokaci guda komai tsadarta, da wannan kuɗin na'urar gem ta PS4 ta hannu nawa za ka jera da talabijin ɗinsu?

Dalar YouTube kuwa kallon kitse ake wa rogo. Kafin su fara raba maka kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara ɗaya, ko kuma miliyoyin kallo a gajerun bidiyo, kuma tallan da ake nuna wa masu kallo a nan gida kuɗinsa kaɗan ne in ka gwada da na Amurka. Tambaye shi mabiya nawa yake da su yau da wayar hannunsa. In bai tara ɗari biyu da waya ba kwamfuta ba za ta tara masa ba.

In har zuciyarka ta kafe a harkar gem, ba haram ba ce kuma akwai masu ci da ita, amma kai za ka riƙe biro. Sayi PS4 ɗaya na hannu da fad huɗu da talabijin, ka ajiye shi wata uku a inda kake tunanin. Littafi mai layi, kowane wasa a rubuta lokaci da kuɗi, mai da aka zuba a rubuta lita nawa, kai ma ka riƙa faɗowa ba sanarwa ka ƙirga kawuna ka gwada da abin da ke rubuce. Ƙaninka a yanka masa albashi ko kaso, a faɗa a gaban wani babba a gidanku, har da maganar abokai, wanda zai buga ya biya ko a cire a kason mai zama. In bayan wata ukun littafi ya nuna ana neman gem ɗin da sai kwamfuta, sai a haɗa ta a akwati na gama-gari mai wadatar iska da madabod matsakaici irin microATX, a kai lis ɗin wurin mai gyaran kwamfuta da ba ruwansa da ku ya soke abin da bai zama dole ba. In katin hoto na hannu za ku saya a yi hattara, tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kati a Satumban 2022 katunan da suka sha wuya dare da rana suka cika kasuwa, kar a biya sai an kunna shi ya yi awa guda yana aiki a gabanku.

In kuma so kake ka yi wa ƙaninka kyauta don ya koyi haɗa kwamfuta da gyaranta, wannan sana'a ce mai kyau kuma zumunci ne, amma ka kira shi kyauta, ka ba da abin da in ya tafi ba zai taɓa shagonka ba, kar ka sa ran ko kwabo.

Ka gwada abu ɗaya yau da dare, ka ce masa ka fasa ƙaramar kwamfuta PS4 za a fara da shi, kuma akwai littafi. Ka kalli fuskarsa da kyau, sannan ka sake turo min saƙo mu yi maganar Legas.