Sigina na komawa baya a da'irar dayod ɗin PIN

Ƙanena, in na fahimce ka, ka sa dayod ɗin PIN guda ɗaya a layinka na gigahaz 2.4 don rage ƙarfin sigina, sai mitar osilata, wato da'irar da ke samar da siginar, ta riƙa gocewa. Ni ma haka ta faru da ni lokacin da nake aikin kammala digiri a Samaru.

A mitar maikirowef irin wannan taka, dayod ɗin PIN yana aiki ne kamar rizisto: in ka ƙara masa kwararar lantarki ta DC, turjiyarsa ta ragu. Amma shi kaɗai ba ya shanye ƙarfin, mayar da shi yake yi baya, ya dami osilata. Abin da kake buƙata shi ne tsarin da ke shanyewa. Jera dayod uku ko fiye, kowanne a jone daga layin zuwa ƙasa (ground), tsakanin kowane biyu kwatan tsawon zangon siginar, wajen santimita 3.1 a iska, amma a kan allon da'ira irin na FR4 ya fi haka gajarta. Na gefe a ba su kwarara kaɗan, na tsakiya su ɗauki mai yawa, don turjiyar mashiga ta tsaya kusa da om 50.

Kada ka sarrafa dayod ɗin da boltej, da kwarara ake yi. Kada kuma ka manta da kapasita mai tare DC da cok, wato koyil mai hana sigina zurarewa, a layin da ke ciyar da dayod ɗin DC. Dayod ɗin 1N4007 na kasuwar Sabon Gari ba zai yi maka ba.

Kafin ka jona osilata, nemi malamin da ke kula da ɗakin gwajin sashenku ya auna maka S11 (siginar da ke komawa baya) da S21 (wadda ke wucewa gaba) da na'urar auna da'ira ta VNA.