Aikin inji daban, otomatik daban

Maigida, wani ya ce min tunda keken ɗinkinmu na da mota mai aiki da wutar lantarki, ya zama otomatik ke nan. Haka ne?

A'a, ɗana, ya haɗa abu biyu ne. Kafin ka sa wa inji suna, duba wa ke ba da ƙarfi, wa kuma ke riƙe da akalar aikin.

A ɗinkin hannu duka biyun naka ne. A keken ƙafa kai ke takawa, amma allura da ƙoshiya su ke ƙulla zaren. Idan aka ɗaura mota, ƙarfin ya koma wuta, har babban keke ya iya kai ɗinki 5,000 a minti. To amma wa ke juya yadin a kwana? Wa ke tsayawa idan zare ya tsinke? Kai ne. Wannan shi ake kira aikin inji: an sauke maka wahala, ba a karɓe maka ido ba.

Otomatik, wato inji mai sarrafa kansa, sai wanda ke bin umarnin da aka ɗora masa ba hannu a kai. Abin ma ya daɗe. Tun 1804 Jacquard ya fito da masaƙa a Faransa wadda katuna masu huji ke faɗa mata zaren da za ta ɗaga. Injin surfani na kwamfuta jikanta ne: ka sa zane, ya motsa firam ɗin da ke riƙe da yadin da kansa, ya canza launi, ya tsaya cak idan zare ya yanke.

Kada kalmar otomatik ta ruɗe ka, don injin bai san ya yi kuskure ba. Idan yadi bai ɗaure tam a firam ba, zanen zai goce, aikin ya tattare. Idan ka sa allura mai lamba 16, wato mai kauri, a yadi mai laushi, za ta bar huji. In injin mai kai shida ne, wato mai yi wa riguna shida aiki lokaci guda, kuma zanen da matsala, riguna shida zai ɓata a tashi ɗaya. Shi ya sa dole ka fara gwadawa a ƙyalle, ka juya bayansa ka duba: zaren ƙasa ya fito a tsakiya kamar kashi ɗaya cikin uku, na sama ya rufe gefe da gefe. In na ƙasa ya leƙo sama, sassauta na saman kaɗan ka sake gwaji.