Bambancin "tie" da "draw"

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "tie" da "draw" ma'anarsu ɗaya, domin ka ga an yi amfani da "tie" wajen ƙwallo kuma wajen zumunci. Tambayar ta yi min daɗi, don ko makon jiya sai da muka yi wannan gardamar a gidan kallon ƙwallo a Samaru.

A wasa, duka biyun na iya nufin canjaras, wato kunnen doki. Mutanen Ingila sun fi cewa "draw", Amurkawa kuma "tie". Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022, Ajantina da Faransa sun tashi 3-3 kafin bugun fenareti. Wannan "draw" ne. Amma ka kula, Baturen Ingila idan ya ce "cup tie", karawar kanta yake nufi, ko da wani ya ci. Nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Haka "draw" na nufin ƙuri'ar da ake jefawa a haɗa ƙungiyoyi. A tseren dawakai kuwa, in biyu suka iso tare, "dead heat" ake cewa.

Asalin "tie" ɗauri ne, kamar igiya, shi ya sa "family ties" ke nufin zumunci. Akwai wasu kalmomin Turanci masu kusan wannan ma'ana. "Bond" ya fi "tie" ƙarfi, shaƙuwa ce irin ta uwa da ɗa. "Link" mahaɗi ne, kamar zoben sarƙa. "Connection" kuwa ya haɗa duka, har da hanyar da ake cewa wane yana da ita a ofis.