Dodon Koɗin Lambu da na Ruwa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa ake ce masa dodon koɗi, da kuma ko mai cin latas ɗinmu shi ne wanda kake gani manne da ciyawa a bakin kogin Galma. Koɗi shi ne ƙwanson, wato katantanwar da yara ke murzawa ta yi ta juyi a ƙasa, dodon kuwa mai gidan ne, wanda ke shigewa ciki da zarar an taɓa shi.

Mai cin latas ɗinmu na tudu ne, daban yake da na ruwa. Ƙahoninsa huɗu ne, idanunsa na kan dogayen biyun, harshensa kuma yana ɗauke da dubban ƙananan haƙora da yake kankare ganye da su. Kowannensu namiji ne kuma mace ne, shi ya sa biyu kacal suka isa su cika fangali da ƙwai. Idan hunturu ya kama, yakan toshe bakin ƙwansonsa da yauƙi ya kwanta sai damina, amma a lambun da ake ban ruwa kullum ba ya rasa laima. Ka tsince su da asuba, ka zagaye fangali da busasshiyar toka, kada kuma ka zuba gishiri, domin zai ɓata ƙasar.

Na ruwan ne ya fi damuna, duk da cewa bai wuce girman farce ba. A jikin irinsa tsutsar tsargiya take hayayyafa, sannan ta fito cikin ruwa, musamman da tsakar rana, ta huda fatar wanda ya shiga, bayan makonni ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma har yau akwai masu ɗaukar jinin nan alamar balaga. Cuta ce, kuma idan ta daɗe tana lalata mafitsara.

Saboda haka kada ka shiga kwantaccen ruwa don gyara tiyon inji sai da takalmin roba mai tsawo, kada kuma ka bar kowa ya yi fitsari a ciki, domin ta nan ƙwan tsutsar ke komawa ga dodon koɗin. Ranar da ka ga jini, ka gaya mini mu je asibiti, akwai ƙwayar magani mai suna Praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyin mutum.