Yadda ake haɗa sauti irin na Feminazgûl a ɗaki

Ka tambayi su wane ne Feminazgûl, da ko za ka iya haɗa irin sautinsu da kwamfuta a ɗakinka. Za ka iya, ɗan'uwa.

Ƙungiyar mawaƙa ce ta black metal, wato wani nau'in kiɗan rock mai tsananin ƙara da ihu. Margaret Killjoy ce ta kafa ƙungiyar a Asheville ta Amurka. Ta fitar da faifan The Age of Men Is Over a 2018, sai No Dawn for Men a 2020, da muryar Laura Beach. Tun shekarun 1990 masu aƙidar Nazi suka ɓata wa black metal suna, su kuwa waɗannan a fili suke adawa da fasistanci, suna kare haƙƙin mata, kuma wannan ya isa a saurare su.

Fara da jita. Ka riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya sama da ƙasa ba tsayawa, kaɗi huɗu a kowane bugu, a gudun bugu 160 zuwa 180 a minti. Ɗauki sautin wannan sau biyu daban-daban, ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama. In kwafi kawai ka yi, sautin ba zai buɗe ba. Yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz (wato sauti mafi kauri) a jitar, in ba haka ba ta danne bas, wato jita mai kaurin sauti, komai ya cakuɗe. Kada ka ƙure ƙarar gurɓata sauti (distortion, mai sa jita ta yi kaushi), tana cinye karin waƙar.

Gangar kwamfuta kuwa, bambanta ƙarfin kowane bugu, don kada ta zama kamar injin niƙa.

Ihun daga iskar ciki yake fitowa. Da zarar maƙogwaro ya fara zafi, dakata. Sa wa muryar amsa-kuwwa mai tsawon daƙiƙa 3, ka tura ta bayan jita, sannan ka shimfiɗa fiyano a ƙasa.