Amsa ga mai tambaya kan sauke tsohon silin asbestos

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce an ba ku aikin sauke tsohon silin asbestos a wani gida, kun yi kwanaki kuna farfasa shi da guduma amma babu wanda ya yi ko tari a cikinku, shi ya sa kake tambaya ko maganar illarsa gaskiya ce. Gaskiya ce, kuma a matsayina na wanda ya tsufa a aikin kafinta da rufi, ina roƙonka ku dakatar da farfasawar nan tun gobe da safe.

Rashin tarin da kake gani ba shaidar lafiya ba ne. Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da ake haƙowa daga ƙasa, a gauraya shi da siminti a yi silin, rufi da bututun ruwa, kuma gidajen ma'aikata da makarantu da yawa da aka gina a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 da shi aka yi su. Muddin allon yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an fasa, an huda ko an sa masa injin yanka, sai ya saki zaren da ido ba ya gani, wanda kan daɗe yana yawo a iskar ɗaki, ya shige can ƙasan huhu ya maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana: ko huhu ya yi tabo ya ƙandare, ko sankarar huhu, ko wata sankara ta fatar da ta lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesothelioma, kuma da wuya a warke daga gare ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos yana jawo sankara, har da farin da wasu ke cewa ba shi da lahani, kuma mutum fiye da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999, amma har yanzu kimanin mutum 5,000 yake kashewa a can a kowace shekara, da yawansu kafintoci ne, masu aikin famfo da masu wayarin.

Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, da zarto yake yanka allunan nan a cikin ɗaki, har girarsa da gemunsa su yi fari fat. Shekaru bayan ya ajiye aiki sai haki ya kama shi, ya kai ga ba ya iya tafiya daga zaure zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya dafa bango. An daɗe ana ba shi maganin tarin fuka, domin babu wanda ya tambaye shi aikin da ya yi a ƙuruciya.

Madarar da leburori ke sha bayan an tashi wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta isa huhu. Haka nan rawani ko takunkumin yadi ba sa tare wannan zare, sai takunkumi mai matata irin P3 ko P100 wanda ya kama fuska sosai.

Idan silin bai lalace ba, ku ba mai gida shawara a shafe shi da fenti a bar shi. Idan kuwa dole ne a sauke, ku fesa masa ruwa mai ɗan sabulu har ya jiƙe, ku zare ƙusoshin a hankali, ku sauko da kowane allo ɗungurungum, mutum biyu suna riƙe da shi. Kada a share ƙurar da tsintsiya, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe komai a leda mai kauri ninki biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake kwasar ɓaraguzan a cike ramin hanya, motoci su niƙe su, yara kuma su yi wasa a kai. Kada ka yarda a yi haka da na wurinku.

Kayan aikinka ma kada su bi ka gida, domin an sha samun matan da suka kamu da cutar daga kakkaɓewa da wankin tufafin mazajensu. Idan kana shan taba ka daina, saboda haɗuwarta da asbestos tana ninka haɗarin sankarar huhu sau da yawa.

Game da kwanakin da ka riga ka yi, kada hankalinka ya tashi, domin haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ƙurar da aka shaƙa da tsawon lokacin da aka yi ana shaƙarta. Rubuta shekarar da irin aikin ka ajiye, kuma duk ranar da ka je asibiti da tari mai naci, haki ko ciwon ƙirji, ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka taɓa aikin asbestos.