Ku Tambaya Mu Amsa: ekaran mai gudu ko mai faɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni Lawali ne daga Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Sana'ata montaj ɗin bidiyon biki da suna, da dare kuma in akwai wuta ina ɗan taɓa gem. Ordinatar ɗina ta tebur ce mai kart GTX 1650, akwai kuma PS5 ɗin ƙanena da mukan jona mu buga FC, gem ɗin ƙwallon ƙafa. Tsohon ekaran ɗina inci 22 ya fara layi-layi. Na tara jikka ɗari da hamsin, wani abokina ya ce in sayi mai 144Hz, wani ya ce a'a in ɗauki mai faɗin nan kamar tabarma. Kaina ya ɗaure wallahi, wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Lawali, zafi kam sai hamdala. Abokan naka duk biyun ba su yi ƙarya ba, amma kowa abin da ke ɗakinshi ya duba, ba abin da ke ɗakinka ba. Ekaran ba ya ƙirƙirar hoto, abin da mashin ta miƙa mishi shi yake nunawa, saboda haka mashin ɗinka za mu fara tambaya.

Wannan Hz ɗin da ake ta zuzutawa, sau nawa ne ekaran ke sake hoto cikin daƙiƙa guda. Na gama-gari 60 ne, mai gudu 144 ko 165, wasu har 240. Bambancin 60 da 144 na gaske ne, ko suri ka ja a kan ekaran za ka ga yana sulɓi, kuma masu gem ɗin harbi irin su Counter-Strike da PUBG don shi suke kashe kuɗi, saboda wanda ya riga ganin abokin gaba shi ke riga harbi. To amma sai kart ɗinka, wato ɓangaren ordinatar da ke haɗa hoto, ya iya haifo hotuna 144 ɗin a daƙiƙa tukuna. GTX 1650 kart ne na 2019 mai jiga 4, a gem marasa nauyi zai yi ƙoƙari, a manyan sababbin nan kuwa ko 60 ɗin sai ka rage ƙyale-ƙyale yake kaiwa. Ga kuma abin da abokinka bai faɗa maka ba, FC a kan PS5 hoto 60 yake gudu. Ko ekaran mai 240 ka kawo, ƙanenka in ya saba cinka zai ci gaba da cinka, ba ruwan ekaran. PS5 ɗin tana iya ba da 120 amma a wasu gem ne kawai, FC ba ya ciki.

Mai faɗin kuma shi ne ake rubuta wa 21:9, wato faɗi 21 tsayi 9, maimakon 16:9 na talabijin da ekaran ɗin da munka saba. Nan ne nake so ka natsu don nan abincinka yake. Kai ka san wahalar montaj, bidiyon kamu da na ɗaurin aure da na kai amarya duk ka jera su a layi guda, ga sauti a ƙasa ga rubutun suna a sama, kana ta ja hagu kana ta ja dama kana neman inda mawaƙi ya ambaci uwar ango don kar ka yanke wurin a zo a yi maka tsiya. A mai faɗi layin nan miƙewa yake, ka ga aikin da yawa lokaci guda, ka buɗe fayil ɗinka a gefe ba sai ka rufe wani abu ba. Wanda ya yi sati yana montaj a kanshi da wuya ya koma.

Iri biyu za ka fi gani. Akwai inci 29 mai 2560x1080, wato yawan ɗigon hoto a faɗi da a tsayi, akwai inci 34 mai 3440x1440. Na biyun ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma ɗigon hotonshi ya kusa miliyan 5, na ekaran 1080 na yau da kullum kuwa miliyan 2 ne da ɗan ɗori, wato kart ɗinka zai ɗauki kaya ninki biyu da wani abu. Ga montaj ba matsala, ga gem kuwa jaki ne ka ɗora wa kayan raƙumi. Inci 29 ɗin kashi ɗaya cikin uku kawai ya ƙaru, 1650 zai iya da shi. Wanda nake cewa ka guda shi ne inci 34 amma mai 2560x1080, girma ba ƙoshi, rubutu duk ya farfashe.

Kar incin ya ruɗe ka hwa. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, shi ya sa inci 29 mai faɗi tsayinshi kusan na inci 23 ne. Kuma PS5 ba ta san 21:9 ba sam, in ka jona ta hoton tsakiya zai zauna, baƙi ta hagu baƙi ta dama, in ka matsa ka cika shi kuma 'yan ƙwallo su zama gajeru masu ƙiba. Amma ka lissafa, abin da ya rage a tsakiyar nan ya kai girman tsohon ekaran ɗinka har da ɗan ƙari. Ba abin da ka rasa kenan.

To in ni ne kai, mai faɗin inci 29 zan saya, irin IPS, don shi launi ba ya canzawa in ka kalla ta gefe, kar ka gyara shaddar ango tana shuɗiya a wurinka a je wayar mutane ta koma wata aba. Da yawansu yanzu 75Hz ne ko 100Hz, ka ga ka ɗan lasa daga gudun ma. Da a ce ka ce min Counter-Strike kake kwana yi kuma ba montaj ke ciyar da kai ba, da inci 24 mai 144Hz zan ce, ba gardama.

Farashi ban faɗa ba don kayan nan yau daban gobe daban, musamman wanda ake shigowa da shi ta Kano, naira na motsi yana motsi. Amma kar ka zuba jikka 150 ɗin duka a kan ekaran, ka bar na ondular ko regilatar masu kare kaya daga wuta, kai ma ka san yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi a watannin zafin nan. In okaziyo ne a kunna maka a shago, ka sa hoto fari tas, sannan baƙi, sannan ja, ka kusanto da ido ka nemi ɗigon da ya mutu. Ka duba akwai ramin HDMI na PS5 da wani na ordinatar, in akwai DisplayPort ma ya fi.

In ka kai gida ka shiga saitin ekaran na Windows ka ɗaga Hz ɗin da hannunka, don sau da yawa a 60 yake barinshi. Ni nan da kake gani sai da na yi wata uku ina yi wa mutane kurin ekaran mai 144, ashe a 60 yake, wani yaro ɗan makaranta ne ya zo kwafar fayil ya gano min.